Yadda Ake Karanta Wallafe-wallafen Masanin Ƙwayoyin Cuta Kafin a Nemi Ya Zama Mushrif

Duk shekara idan jami'o'in Saudiyya suka buɗe neman gurbin digiri na biyu da na uku, 'ya'yanmu na Makka da Jidda da Madina, da waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar a kan tallafin karatu, sukan shiga neman malamin da zai duba musu aikin bincike, wanda a nan ake kira mushrif. Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ya karanci ilimin ƙananan halittu ya same ni bayan sallar Isha'i, ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Kawu, dubi wannan Daktan, an ambaci aikinsa sau dubbai, shi zan nema." Muka zauna muka bi shafin Daktan na Google Scholar, inda ake jera maƙalun masani da yawan ambatonsu, layi-layi, kuma kafin mu tashi ra'ayinsa ya sauya. Abin da na nuna masa a daren shi ne nake so in shimfiɗa a nan.

Ka fara da tabbatar da cewa duk maƙalun da ke shafin na mutum ɗaya ne. Sunayen Larabawa da namu suna rikiɗa idan aka rubuta su da boko, ta yadda Hausawi ɗaya zai fito a matsayin Hawsawi a wata mujalla, Alhawsawi a wata, haka kuma Muhammad da Mohammed da Mohamed. Shafin Google Scholar mai shi ne yake buɗe shi, kuma idan ya bar na'ura tana ƙara masa maƙalu ba tare da dubawa ba, aikin takwaransa yakan shigo ciki. Maganin wannan shi ne lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, wadda aka fara bayarwa a 2012, mai gurabe 16, wadda ba a ba mutum biyu iri ɗaya. Ka neme ta, ka gwada abin da ke ƙarƙashinta da abin da PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya, ya nuna, wanda kyauta ne ga kowa.

Daga nan sai alƙaluma. Ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙira a 2005, ma'anarsa mai sauƙi ce: idan an ce na mutum 20 ne, yana da maƙalu 20 waɗanda aka kafa hujja da kowace ɗaya aƙalla sau 20. Wannan lamba ba ta raguwa ko da mutum ya daina bincike shekara goma, saboda haka tana fifita dattijo a kan matashi mai ƙwazo. Ka dubi ginshiƙin da ke gefe a shafin Google Scholar, wanda yake ƙirga ambaton shekaru biyar na baya-bayan nan kaɗai. Ka kuma sani cewa Google Scholar yana ƙirga har da kundayen ɗalibai, shi ya sa adadinsa yakan zarce na rumbunan maƙalu na Scopus da Web of Science, waɗanda ɗalibin jami'a yakan samu ta Laburaren Dijital na Saudiyya. A fannin bairos akwai ƙarin abin lura, domin annobar korona ta kumbura alƙaluman mutane da yawa a 2020 da 2021, har wanda ya rubuta taƙaitaccen sharhi guda a farkon annobar yana iya fin wanda ya yi shekaru yana aikin zazzaɓin Rift Valley yawan ambato.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne jerin sunayen marubuta, domin a nan ake gane wanda ya yi noma da wanda ya zo ranar sussuka. A al'adar wannan fanni, sunan farko na wanda ya yi mafi yawan aikin da hannunsa ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin gwaje-gwajen da ya jagoranci binciken. Misali mafi kusa da mu ya faru a Jidda. A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani mutum mai shekara 60 a asibitin Dakta Sulaiman Fakeeh da ciwon huhu mai tsanani, kuma Dakta Ali Muhammad Zaki, masanin bairos ɗan Masar, ya raya wata baƙuwar ƙwayar cuta daga majinarsa. Ya aika da ita cibiyar Erasmus da ke Rotterdam a ƙasar Holan, inda ɗakin gwajin Ron Fouchier ya karanta tsarin ƙwayoyin halittarta. Maƙalar ta fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Nuwamban 2012 da sunaye biyar, Zaki a farko, Fouchier a ƙarshe, kuma wannan ce cutar da aka raɗa wa suna MERS a 2013. A 2014 wata tawaga daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta wallafa a wannan mujallar cewa ƙwayar da aka samu a jikin wani majinyaci da wadda aka samu a jikin raƙuminsa tsarinsu ɗaya ne, sunan Esam Azhar a farko, na Tariq Madani a ƙarshe. Wanda ya iya karanta jerin sunaye zai gane daga waɗannan maƙalu biyu wane ne ya riƙe kwalbar gwaji, kuma a wane gari aka yi wane ɓangare na aikin.

To haka za ka yi wa malamin da kake nema. Ka ɗauki maƙalunsa goma da aka fi ambata, ka ƙirga guda nawa sunansa yake farko ko ƙarshe. Idan a duk cikinsu yana tsakiyar mutum talatin ko arba'in, ba laifi ba ne, domin manyan bincike suna buƙatar hannu da yawa, amma hakan bai nuna maka cewa zai iya jagorantar ɗalibi daga tambaya zuwa sakamako ba. Wannan shi ne abin da muka gani a wayar ɗan ƙanwata.

Sai ka rarrabe tsakanin maƙalar bincike da maƙalar bita. Ta bita tana tattara abin da wasu suka gano ne, kuma takan samu ambato mai yawa saboda sauƙin jingina da ita. Kai da kake son koyon aikin hannu, buɗe maƙalar bincike za ka yi, ka tsallake zuwa sashen da aka bayyana yadda aka yi aikin. A can za ka ga daga ina aka ɗebo samfurin, wace na'urar PCR, wato mai ninka ƙwayoyin halitta don a gano su, aka yi amfani da ita, a wane ɗakin gwaji aka raya ƙwayar, da lambar izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Idan an ce an karanta tsarin ƙwayoyin halitta, to ya kamata a ba da lambar ajiya ta GenBank ko GISAID, rumbunan da ake ajiye irin wannan bayani. Ka kwafi lambar ka neme ta da kanka, domin za ta nuna maka wanda ya ajiye bayanin da cibiyar da ya fito.

Game da mujallu, ka duba ko PubMed ko Scopus sun san da su, domin akwai waɗanda kuɗi kawai suke karɓa su buga ba tare da masana sun tantance ba. Ka kuma nemi sunan malamin a rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalun da mujallu suka soke bayan bugawa, ka ga ko an taɓa janye masa maƙala, da dalilin janyewar. Girman mujalla bai hana wannan ba, don a watan Yunin 2020 Lancet da New England Journal of Medicine duk sun janye maƙalun korona da aka gina a kan bayanan da aka kasa tabbatarwa. Janyewa saboda kuskuren da marubuci ya bayyana da kansa dabam take da janyewa saboda ƙirƙirar sakamako ko maimaita hoto.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasar nan musamman. Tun 2011 mujallar Science ta ba da rahoton yadda ake biyan wasu fitattun masana na ƙetare don su rubuta sunan jami'ar Saudiyya a ƙarƙashin nasu, alhali mafi yawan lokacinsu suna ƙasashensu. Saboda haka ganin sunan jami'a a maƙala bai isa ba. Ka duba jadawalin sashen ka ga ko yana koyarwa a wannan zangon, kuma idan kana gari, ka taka da ƙafarka ka ga ɗakin gwajin.

Sannan ka koma kan maƙalunsa na shekaru uku da suka wuce, ka nemi waɗanda sunan ɗalibi yake farko nasa yana ƙarshe. Ka tuntuɓi ɗaya ko biyu daga cikin ɗaliban cikin ladabi, ka tambaye su shekara nawa suka yi kafin su kammala, ko kayan gwaji suna zuwa a kan lokaci, da sau nawa suke zama da shi a wata. Idan ka gamsu, sai ka rubuta wa Daktan gajeriyar wasiƙa, ka ambaci maƙalarsa guda da ka karanta har ƙarshe, ka faɗi tambayar da ta bar maka, sannan ka nemi ya ba ka lokacin ganawa a ofishinsa.