Yadda ake gano matsala idan Windows ta ƙi sauka bayan an ƙara RAM

Ka sayo RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka ƙara wa laftof ɗinka, ka fara sanya Windows. Ana cikin kwafe fayiloli sai ta cije ta nuna lambar kuskure 0x8007025D, ko allo ya koma shuɗi da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Yawancinmu filashi muke fara zargi. Ni ma sau uku na taɓa sake haɗa filashi da Rufus, manhajar ɗora Windows a filashi, kafin na gane ba nan gizo ke saƙar ba.

Da farko kashe na'urar, ka zare caja, ka cire batir idan mai fita ne. Ciro RAM ɗin ka riƙe shi ta gefe. Goge haƙoran nan masu ruwan zinare da magogin fensir mai tsabta, ka busa ramin, domin ƙurar hunturun Kaduna babu inda ba ta shiga. Mayar da shi a karkace, ka danna har maƙallan gefe biyu su ce ƙas.

Sai ka karanta 'yar takardar da ke jikinsa, nan ne mutane suka fi faɗawa. RAM mai rubutun PC3 yana cin wuta 1.5V, PC3L kuwa 1.35V, amma duk rami ɗaya suke shiga, shi ya sa masu sayar da na hannu kan zuba su a kwali guda. Laftof masu Intel zubi na huɗu galibi PC3L suke so. Ka ba su PC3, ko su ƙi tashi ko su riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki.

Yanzu gwaji ɗaya bayan ɗaya. Bar sabon shi kaɗai, ka tayar da na'urar daga filashi mai MemTest86, manhajar gwajin RAM, ka ƙyale shi ya gama zagaye huɗu. Zai ɗauki awanni, ka tabbata akwai wuta. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, sauya masa rami ka maimaita. Idan kuskuren ya bi shi, ɗauki hoton allon ka mayar wa mai shago kayansa. Idan bai bi shi ba, gwada tsohon RAM ɗin a ramin farko; idan shi ma ya gaza a nan, ramin ne ya lalace.

Wani lokaci kowanne lafiya lau shi kaɗai, sai an haɗa su rigima ta tashi. Shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar, ta danna F10 a HP ko F2 a Dell da zarar ka kunna ta, ka mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani. Idan kwamfutar tebur ce, kashe XMP, saitin ƙara wa RAM gudu. Sai duka biyun sun haye gwajin a tare sannan ka koma kan binciken filashi da hard disk.