Yadda zaki haɗa siket ɗin tutu ba sai da keke ba

Tutu dai siket ne na masu rawar bale, wata rawar Turawa, dogo ne wanda 'yar rawa Marie Taglioni ta saka a Paris a 1832, daga baya aka gajarce shi don a ga aikin ƙafa.

1. Ki auna ƙugu, ki yanko roba ki rage inci 2, ki ɗinke bakin da allura.
2. Ki yayyanka yadin net, faɗi inci 6, tsawo ninkin siket ɗin.
3. Ki saƙala robar a kujera, ki ninka kowane yanki gida biyu ki zura ta ƙarƙashin robar ki jawo jelar ta cikin madaukin, amma kar ki matse sosai don robar zata saki.
4. Kiyi ta yi har ya cika dam, kar kiyi rowar net dan Allah, yawansa ke sa siket ɗin ya tashi.
5. Ki daidaita bakin da almakashi.