Yadda Ake Haɗa Tankin Murjani na Ruwan Gishiri a Kaduna

Murjani dabba ne, duk da cewa ido yana ganinsa kamar fure ko dutse. A cikin tsokarsa akwai wata irin gansakuka ƙanana ƙwarai da ke sarrafa haske su ciyar da shi, kuma wannan zaman tare ba ya jure sauyi. A teku zafin ruwa da gishirinsa kusan ɗaya suke yau da gobe. A Kaduna kuwa muna da zafin Maris da Afrilu, ga sanyin hunturu, ga ƙura, ga ɗauke wuta. Don haka kafin ka sayi kifi ko ɗaya, kuɗinka ya fara tafiya kan wuta da ruwa da sanyaya tanki. Wanda bai shirya wa waɗannan ba, gara ya tsaya kan kifin ruwan daɗi tukuna.

Tanki da mazauninsa

Kada ka fara da ƙarami. Ruwa kaɗan saurin zafi gare shi, saurin lalacewa kuma. Tanki mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 50 yana cin kimanin lita 200, kuma ya ishi mai koyo. Idan mai gilashi zai haɗa maka, ya sa gilashi mai kaurin milimita 10 da maɗauri a sama, da silikon marar maganin funfuna, domin wanda ake sa wa banɗaki guba ne ga kifi. Da ruwa da dutse da yashi nauyin zai doshi kilo 300. Teburin ya zama mai ƙarfi, a daidaita shi da ma'auni, idan na ƙarfe ne mai walda ya shafe shi da fenti sosai saboda gishiri yana cin ƙarfe. Ka zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da tagar da rana ke bugawa.

Ruwa

Nan ne yawancin mutane ke tafka asara. Ruwan famfo yana da kulorin. Ruwan burtsatse da na rijiya suna iya ɗauke da naitiret, fosfet, silika da ƙarfe, kuma ɗan burbushin jan ƙarfe ya isa ya kashe murjani da jatan lande. Ruwan leda an tace shi ne don sha, ba don wannan aikin ba. Abin da ake buƙata shi ne matatar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke cikin ruwa, da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya rage a narke, kuma ruwan da ke fita ya nuna sifili. Idan ya fara nuna 2 ko 3, lokacin sauya garin da ke cikin matatar ya yi. Matatar tana son ruwa mai ƙarfin gudu, tankin sama na gidan da ba bene ba kuwa ba ya bayarwa, sai ka haɗa mata ɗan injin ƙara matsi.

Gishirin girki, manda ko kanwa ba su da shiga nan. Gishirin tankin murjani ake saye, wanda aka haɗa da kalsiyam da magniziyam. Ana neman giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwan, abin da rifraktomita, ma'aunin gishirin ruwa, ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. A aikace kusan giram 36 zuwa 38 na garin ne kan tafi a lita ɗaya, amma ma'auni ne ke yanke hukunci. A zuba gishiri cikin ruwa, ba ruwa kan gishiri ba, in ba haka ba kalsiyam ya dunƙule ya kwanta fari a gindin bokiti. A bar injin motsa ruwa yana juya shi har ya washe, a auna, sannan a yi amfani da shi. Durom ɗin roba da bai taɓa ɗaukar mai ko sabulu ba shi ne wurin haɗawa.

Idan ruwa ya bi iska, gishirin yana nan bai tafi ba. Saboda haka ciko da ruwan RO/DI zalla ake yi, marar gishiri. Ka ja layi a jikin gilashi, kullum ka cika zuwa layin. A hunturu, da iska ta bushe, tankin lita 200 yana iya rasa lita 3 zuwa 5 a yini, kwana uku na sakaci sun isa su tayar da gishirin.

Wuta da zafi

Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, kuma da ya ɗumama sai ta ƙara raguwa. Idan ruwa ya tsaya cak, cikin 'yan awoyi za ka ga kifi a sama yana haki. Fitila tana iya mutuwa kwana biyu ba a yi asara ba, amma injin motsa ruwa ba ya tsayawa. Ka sa biyu, su fuskanci juna, jimillar turawarsu ta kai ninki 20 na ruwan tankin a awa, wato lita 4,000, ɗaya kuma ya riƙa girgiza saman ruwan. Su ne za a fara ɗorawa kan inbata ko sola. Lissafin ba wuya: batiri mai volt 12 da amfiya 100 yana da wat-awa 1,200, rabi ne ake iya ci ba tare da an kashe shi ba idan na dalma ne. Injin wat 15 zai wuce yini da kwana a kai. Hita mai wat 200 kuwa awa uku za ta cinye shi, don haka ba a haɗa su layi ɗaya. Ka ajiye ɗan injin hura iska mai batirin tocila don ranar da komai ya ƙi. Kowace waya kuma ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta kai soket, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa.

Zafin da ake so digiri 24 zuwa 26 ne. Idan ya daɗe sama da 29, murjani yakan kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, ya mutu da yunwa. A Maris iska a bushe take, fanka mai hura saman ruwa tana iya sauke digiri biyu ko uku, sai dai ciko zai ƙaru. Da gumin farkon damina ya shigo, fanka ba ta yin wannan aikin kamar da, a nan ne ake buƙatar na'urar sanyaya ruwa ko ta sanyaya ɗaki. Idan ta ɓaci, a jefa robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ruf, a kashe fitila. A Disamba da Janairu hita ce ke hana ruwan faɗuwa da asuba. A lokacin ne kuma ƙura ke kwanciya a saman ruwa, sai a rufe taga, a riƙa sauya audugar tacewa bayan kwana biyu ko uku.

Raya tankin

Ka shimfiɗa yashin aragonait, wato yashin teku mai kalsiyam, kaurin santimita 2 zuwa 3, ka jera dutse mai ramuka kimanin kilo 20, a kan gilashi zai zauna ba kan yashi ba, da tazara tsakaninsa da bango don ruwa ya zagaya. Ka cika ruwa, ka kunna injina, fitila a kashe. Sai a zuba bakteriyar kwalba da amoniya, dafin da ke fitowa daga kashin kifi, har ta kai 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Wani rukunin bakteriya zai mai da amoniya naitirayit, wani ya mai da shi naitiret. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Tanki ya shirya ne idan ka sa amoniya, bayan awa 24 ita da naitirayit duk suka koma sifili. Daga nan sai a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Bayan an fara kunna fitila za ka ga gansakuka mai launin ƙasa-ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi. Silika ce ke ciyar da ita, tana ƙarewa za ta tafi da kanta, katantanwar teku kuma na taimakawa.

Kifi da murjani

Kifi biyu na Ocellaris, masu ruwan lemo da farin ɗamara, waɗanda aka haifa a tanki, su suka fi dacewa da farko. A bar mako biyu ko uku tsakanin kowane ƙari. Kifi biyar ko shida ƙanana sun ishi lita 200, kuma a sa raga a sama domin wasu na tsalle. Kowane sabon kifi ya yi mako huɗu a wani ƙaramin tanki daban. Cutar farin ɗigo idan ta shiga babban tanki, maganinta na jan ƙarfe ne, ba ya yiwuwa inda murjani yake, sai dai a kwashe kifin duka a bar tankin ba kifi har kwana 76.

Kaduna nesa take da teku, kaya kan daɗe a leda kafin su iso, don haka a guji odar su a tsakiyar bazara. A ɗora ledar a rufe kan ruwa minti 15 zuwa 20. Idan ta kwana a hanya kada a ja lokaci bayan an buɗe, domin da iska ta shiga amoniyar ciki takan ƙara dafi. Ruwan ledar ba ya shiga tanki.

Bayan wata biyu ko uku sai a fara da murjani mai laushi irin su Sarcophyton, Discosoma da Zoanthus. Murjani mai tauri irin Acropora sai tanki ya shekara. Wasu nau'in Zoanthus da Palythoa suna da dafi mai iya kwantar da mutum asibiti: a sa safar hannu da tabarau, kada a taɓa dafa dutsen da suke kai ko zuba masa ruwan zafi. Fitilar LED mai rinjayen shuɗi awa 8 zuwa 10 ta wadatar, a fara da rabin ƙarfinta.

Kowane mako a sauya lita 20, a wanke kofin sikima, na'urar da ke fitar da dattin ruwa da kumfa, a yi awo: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam 1,250 zuwa 1,350, naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1 ppm. Kada a zuba sinadarin da ba a auna ba, kuma gyaran alkaliniti kada ya wuce 1 dKH a yini. Jan yauƙi mai santsi da ke rufe yashi alama ce ta abinci ya yi yawa ko ruwa ba ya motsi a wurin. Abincin da kifi zai cinye cikin minti ɗaya ya isa.

A sanar da mutanen gida duka, har da mai shara: ba a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin tanki, ba a kunna na hayaƙi, turaren wuta ma a kai shi wani ɗaki. Sikima tana zuƙar iskar ɗaki tana cusa ta cikin ruwa kai tsaye, jatan lande da katantanwa ne ke fara mutuwa. Idan feshin ya zama dole, a kashe sikima, a lulluɓe tanki da leda, a sa sabon gawayin tacewa, sai ɗakin ya sha iska sannan a buɗe. Hannun da ke da man shafawa, turare ko sabulu, a ɗauraye shi da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ya shiga tanki.