Yadda Ake Gano Ciwon Ido Mai Makantarwa Tun Gani Bai Tafi Ba

Afolo ne ya fi tayar wa mutane hankali, saboda jan ido da ƙaiƙayi da kwantsa, alhali yawanci yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Cututtukan da ke makantarwa kuwa galibinsu ba sa zafi. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17.

Mataki na farko shi ne a gwada kowane ido shi kaɗai, domin lafiyayyen ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har mutum ya shekara bai san ɗaya ya mutu ba. Da rana tsaka, a wuri mai haske, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ka danna shi ba. Wani ya tsaya nesa da kai da mita 6 ya ɗaga yatsu ka ƙirga, sannan ka sauya ido. Idon da ya kasa yana bukatar likita. Wanda ya kasa ko a mita 3 ya shiga sahun makanta, kada a kwana ana shawara.

Daga nan sai a lura da yanayin raguwar ganin. Idan komai ya koma dishi-dishi kamar hazon hunturu, fitilar mota na kashe ido da dare, ƙwayar ido ta fara fari, yanar ido ce ta fi yiwuwa. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita, sai aiki. Ana kashe zafin wurin, a cire madubin idon da ya dushe, a sa na roba a gurbinsa, yawanci cikin ƙasa da rabin awa. Ba sai an jira ta "nuna" ba. Da zarar ta hana mutum karatu ko sana'a, lokaci ya yi. A guji masu yawo ƙauyuka suna soka tsinke su tura yanar cikin ido. Mutum kan ga haske na ɗan lokaci, daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo baya, idon da aikin asibiti zai iya ceta ya lalace.

Hawan jinin ido ne ya fi bukatar a tsaya a kansa, don abin da ya ci na gani ba ya dawowa. Ruwan da ke cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya yi ta kashe jijiyar gani a hankali. Ba shi ne hawan jinin jiki ba, kuma awon hannu ba ya nuna shi. Daga gefe yake fara ci: mutum yana karanta rubutu sarai amma yana tuntuɓe da kujera, ko babur ya fito masa ta gefe bai gani ba. Kafin a kai nan an riga an yi babbar asara. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna shi duk shekara ɗaya zuwa biyu, wanda kuma mahaifi ko ɗan'uwansa ke da cutar ya fara tun kafin haka. A nemi abu uku: awon matsin ido, wanda daidainsa 10 zuwa 21 ne, da duba jijiyar gani, da gwajin faɗin gani. Awon matsi kaɗai bai isa ba, domin wasu jijiyarsu na lalacewa alhali awon bai wuce 21 ba.

Idan an rubuta maganin ɗigawa na hawan jinin ido, yawanci na har abada ne, ba a dainawa don an ga ido lafiya. A cikin irin waɗannan magunguna, timolol yawanci safe da yamma ne, latanoprost sau ɗaya da dare. Mai asma ya faɗa wa likita kafin a ba shi timolol, don yana iya toshe numfashi. A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, a rufe ido a danne kusurwar da ke jikin hanci na minti 2. In magunguna biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu, in ba haka ba na biyu ya wanke na farko. Wani abin takaici shi ne sayen maganin ɗigawa mai dexamethasone a kemis saboda ƙaiƙayi. Yana kwantar da jan ido nan take, amma yawan amfani da shi na jawo hawan jinin ido da yanar ido, har ga yara.

Mai ciwon suga ya je a buɗa ƙwayar idonsa da magani a duba bayan ido tun ranar da aka gano cutar, sannan duk shekara. Amosanin ido kuma ƙuda da ƙazantar fuska ke yaɗa shi. A riƙa wanke fuskar yara da ruwa mai tsabta, a karɓi maganin azithromycin idan ma'aikatan lafiya sun zo rabawa. In gashin ido ya juya yana gogar ƙwaya, tsigewa da matsefata sauƙi ne na ɗan lokaci, ƙaramin aiki ne ke gyara fatar. Yaro mai dundumi, ko wanda ƙyanda ta kama, yana bukatar bitamin A, farin ɗigo a ƙwayar idon jariri kuwa a kai shi asibiti a makon.

Akwai abubuwan da ba sa jiran gari ya waye: gani ya ɗauke farat ɗaya, ido ya yi ja da zafi mai tsanani tare da ciwon kai da amai, ko a ga walƙiya da wani duhu yana saukowa. Idan ruwan batir ko siminti ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin a kama hanya. Kada a sa ruwan albasa, nonon uwa, fitsari ko kwalli, domin su ke mai da ƙaramin gyambo ya zama hakiya. Inda babu likitan ido a kusa, asibitin gwamnati mafi kusa zai iya tura mutum Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano. A tafi da duk kwalaben maganin da aka taɓa ɗigawa.