Yadda Ake Kashe Tsohuwar Talabijin Mai Ƙusumbi Ba Tare Da Wuta Ta Ja Ka Ba

Jiya ma wata Hajiya ta zo shagona na gyaran talabijin nan Katsina hankali a tashe, wai ta kashe talabijin da dare amma gilashin yana ɗan haske a duhu, ko gobara za ta yi? Na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki. Cikin gilashin an shafe shi da wani sinadari, fosfo, shi ke ba da hasken hoto, in an kashe ba ya mutuwa nan take, a hankali yake dushewa kamar garwashi.

To da farko ka kashe ta da makunnin jikinta, rimot barci kawai yake sa ta, wuta na nan tana shiga. Sannan ka zare fulogi daga soket, in damina ce har wayar eriya ka cire saboda tsawa. Kuma dan Allah a daina lulluɓe ta da zane tana da zafi, a bari ta huce tukuna.

Inda ake samun matsala shine buɗe bayanta. Mutum sai ya ga ai na zare fulogi, ya ɗauko sukudireba wai zai kakkaɓe ƙurar hunturu. Wallahi kar ka fara. Mai kala tana aiki da wuta wajen volt 25,000, kuma kwalbar hoton, wato babban gilashin nan da ya cika cikinta, tana riƙe caji ko an yi kwanaki da kashewa. Akwai wata jar waya mai kauri da ta taso daga fulaibak, wato taransfomar da ke ƙara ƙarfin wuta, ta manne a jikin kwalbar da faifan roba, a ƙarƙashinsa cajin yake kwance. Wani yarona mai koyo ya taɓa sa yatsa ya ɗaga robar nan, kwana biyu da kashe talabijin ɗin fa, wutar ta fizge shi hannunsa ya bugi ƙarfe ya tsage, har yau tabon na nan. Mu sai mun sauke cajin da waya, hannu ɗaya a aljihu, mun ji ƙas, mun sake maimaitawa, sannan mu leƙa babbar kafasita, wato abin da ke tara wuta, don ita ma tana ajiye sama da volt 300. Kuɗin kakkaɓe ƙura a wajen mai gyara bai kai na ɗinki a asibiti ba.

In za ka ɗauke ta ka rungumo ta gilashin na wajen cikinka, can nauyin yake, kar bayan ya bugu don wuyan kwalbar siriri ne. In kuma ka ji ƙaurin waya ko tana tsiiii, zare fulogi ka kawo mu duba.