Kafin ka karya kwana a Ingila, ka duba mai keke

'Yan Kaduna da yawa da suka sauka Ingila don karatu ko aikin jinya, da sun ɗan zauna da gindinsu sai su fara neman mota. Lasisinmu na Najeriya yana aiki a can na wata 12, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu. Kowa zai tuna maka cewa a hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda mu ma muke yi kafin 1972, kuma hannu ba ya daɗewa yake sabawa da wannan. Abin da ke wuyar fita shi ne tarbiyyar da titin Ahmadu Bello da Kawo suka yi mana: babbar mota ta fara wucewa, mai Napep ya kutsa, mai keke kuwa ana danna masa hon ya raɓe bakin kwata.

Ɗan'uwa, ka bar wannan halin a gida. Tun 29 ga Janairun 2022 dokokin hanyar Birtaniya suka fayyace cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ne nauyi ya fi hawa kansa. A mahaɗa ake gane wanda ya fahimta.

Ga yadda hatsarin ke faruwa. Ka sa sigina za ka shiga hagu, hankalinka yana kan danja da motar gabanka, alhali ta gefen hagunka, tsakaninka da dakalin masu tafiya a ƙasa, ga yarinya a kan keke da jakar makaranta, ita miƙewa za ta yi. Ba ta da ƙarar inji da za ka ji. Hanyar tata ce, kai za ka jira. Rage gudu, duba madubin hagu, sannan ka waiwaya da wuyanka, domin akwai gurbin da madubi ba ya nunawa. Kada kuma ka wuce mai keke a guje don ka sha gabansa ka karya kwana. Ni a ganina wannan ya fi komai muni, saboda ka gan shi da idonka.

A wasu danjojin za ka tarar da layi biyu, da akwati a tsakani mai zanen keke. Na masu keke ne, kai ka tsaya kafin layin farko. In ka ga mai keke ya dawo tsakiyar layi gab da mahaɗa ko shataletale, ba rainin hankali ba ne, doka ce ta ba shi don a gan shi sosai. Wajen wuce shi, ka bar aƙalla mita 1.5.

Gaskiya ne a cikinsu akwai masu keta jar wuta, kuma ranka zai ɓaci. Haɗiye. Da yawansu suna da kyamara a hular kwano, 'yan sanda kuma suna karɓar bidiyon. Wanda ya tara maki 6 na laifin tuƙi cikin shekara 2 da cin jarrabawa, lasisin ya tafi, ga kuɗin inshora da zai yi sama.

In kuma kai ne ka ɗauki keke kana kai wa mutane abinci, doka ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya da dare. Kada ka taɓa kutsawa ta hagun bas ko babbar mota a bakin mahaɗa, ko da tana tsaye cak. Direban yana can sama, mai yiwuwa bai san da kai ba.