Darasi na Tara: Kafin ka bar tagar karɓar magani

Toh jama'a, karatun yau ba na littafi ba ne, karatun 'yar ledar nan ne ko ambulan ɗin da ake zuba maka ƙwayoyi a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko a kemis. Duk wanda ya kai darasi na tara ya iya haɗa baƙi, ya san lamba daga 1 har 100, kuma wallahi wannan ɗin ya isa ya hana mutum shan abin da ba nasa ba.

Magani hannu uku yake bi kafin ya shiga ciki, hannun wanda ya rubuta, da na wanda ya ƙirga ya miƙo ta taga, sai kuma naka ko na mai jinyarka a gida, kuma kowanne a ciki yana iya kuskure. Ku dai tuna yadda ƙaramin asibiti a nan Zariya yake cika ranar Litinin ko ranar awo, a Tudun Wada ne ko Sabon Gari ko Samaru ko cikin birni duk ɗaya, benci ya cika wasu na tsaye, yara na kuka, malamin asibiti ɗaya shi ke duba mutane shi ke rubutu da sauri kamar ana korarsa, wanda ke taga kuma yana fama da wannan rubutun ga surutu a kansa. Ba mugunta ba ce, gajiya ce da yawan jama'a. Kuma ba mu kaɗai ba, a shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya sai da ta buɗe gangami na musamman kan kuskuren magani, ta ce asarar da yake jawo wa duniya ta kai dala biliyan 42 a shekara, har da su Amurka da Ingila masu kwamfuta a kowane ɗaki. Kenan kai ne mai gadin ƙarshe, in abu ya wuce ka ya shiga ciki.

Fara da suna. Abin kamar wasa, amma a benci ɗaya za ka iya samun A'isha Muhammad uku, a kira ɗaya wata ta miƙe ta karɓa ta tafi. Duba katinka, duba ledar, sunanka ne? Lambar katin ɗaya ce? Uwar da ta kawo yara biyu, musamman 'yan biyu, ta roƙa a rubuta sunan kowa a jikin kwalbarsa tun a can, kar ta ce ai zan gane, in dare ya yi ba wuta kwalba duk kwalba ce.

Sai haruffan likita. Mutane na cewa rubutun likita sai likita, eh akwai gaskiya, amma 'yan haruffan da ke faɗin sau nawa ba su da yawa, ku kwafe su a littafinku yanzu:

OD, sau ɗaya a rana
BD, sau biyu
TDS, sau uku
QDS, sau huɗu
NOCTE, da dare lokacin kwanciya
PRN, sai in buƙata ta taso

Akwai kuma wata lamba mai kama da lissafin 'yan firamare. In ka ga 5/7 kwana biyar ake nufi, saboda kwana 7 ne a mako. 2/52 mako biyu, don mako 52 ne a shekara. 1/12 wata ɗaya. Kenan in an rubuta TDS 5/7, ƙwaya ɗaiɗai, dole ka ga ƙwaya 15 a leda, in ka ƙirga ka ga 10 toh akwai magana, ka tambaya kafin ka matsa. Mafi yawan masu ba da magani suna ja maka layi ko su yi 'yan da'irori a jikin leda, ko su rubuta 1-1-1, wato ɗaya da safe ɗaya da rana ɗaya da dare, in kuma 1-0-1 ne babu na rana.

A nan ne nake so mu ɗan tsaya, don sau uku a rana ba yana nufin ka sha da karin kumallo, ka ƙara da hantsi, ka ƙarasa da azahar ka ce na gama da na yau ba. Awa 24 ake rabawa uku, tsakanin kowanne awa 8. Mu da muke da salla abin ya zo mana da sauƙi, ɗaya bayan asuba wajen ƙarfe 6, ɗaya da azahar wajen ƙarfe 2, na ƙarshe ƙarfe 10 na dare kafin a kwanta. Sau biyu kuma awa 12 ne, 7 na safe da 7 na yamma bayan magariba. In ka manta guda kar ka haɗa biyu ka watsa wai ramuwa. Da azumi kuwa kar mutum ya yi wa kansa fatawa ya tattara na yini duka ya shanye da buɗa-baki, ka koma ka ce ina azumi, akwai magungunan da za a iya canza maka zuwa mai sau biyu ko sau ɗaya. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide shi ya fi kowa buƙatar wannan tambayar, don ƙwayar tana sauke suga ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, sai ka ga mutum na gumi jiki na rawa, wani har ya faɗi.

Lambar da ke gaban sunan magani ita ce ƙarfinsa, kuma ita aka fi rainawa. Misali maganin maleriya irin su Coartem. Akwai mai 20/120, babban mutum ƙwaya 4 yake sha a lokaci ɗaya. Akwai kuma mai 80/480, shi ƙwaya 1 tak ce take tsaya wa huɗun nan. Wanda ya saba da huɗu-huɗu aka ba shi babban bai duba ba, ya ninka maganin sau huɗu kenan. Wanda kuma ya saba da ɗaya aka ba shi ƙaramin, sai ya yi ta shan rubu'in magani yana cewa maleriyar bana ba ta jin magani. Sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma ya fi shiga jiki in an ci abu mai maiƙo ko an sha madara. A gama shi duka ko zazzaɓin ya sauka tun rana ta farko. Haka sunaye ma suna kama, metformin na suga ne, metronidazole kuma shi ne Flagyl ɗin da kuka sani na ciki, a rubutun gaggawa farkonsu ɗaya. Shi ya sa tambayar nan "wannan na mene ne?" take da amfani, in ka zo da ciwon ciki aka ce maka na suga ne ka ga an kama kuskuren tun a taga.

Na yara ya fi ban tsoro, saboda da nauyin yaro ake lissafa shi ba da ido ba. In ba a ɗora yaron a sikeli ba ki ce Malam ba a auna shi ba fa. Cokalin da likita ke nufi mililita 5 ne, wato 5ml, cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa, wani na shayi wani na shinkafa, don haka murfin awo da ke zuwa da kwalbar ko sirinji marar allura shi ne daidai. Ki lura da ɗigo, 2.5 rabin cokalin awo ne, in ɗigon ya ɓace ya zama 25, ninki goma kenan. Farasitamol na jarirai da ake ɗigawa a baki ya fi na sirof ƙarfi kusan sau huɗu, saboda haka ba a auna shi da murfin sirof. Shi kuma amoxicillin na gari, ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa daidai kan layin da ke jikin kwalba, a girgiza duk lokacin da za a bayar, in ya yi mako da haɗawa a zubar, ba a ajiye wa ƙanensa.

Wani kuskuren kuma mu muke jawo shi da shirunmu. Malamin asibiti bai san gaibu ba, abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki. Mace mai ƙaramin ciki ta ji nauyin faɗa, alhali akwai maganin hawan jini irin lisinopril da ke cutar da ɗan da ke ciki, haka tetracycline, kafson nan ja da rawaya, ba a ba mai ciki ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 8. In kunya ce ki faɗa wa nas a hankali, ko ki miƙa katin awo ya yi miki magana. Mai olsa ya faɗa kafin a ba shi diclofenac ko ibuprofen, suna iya sa cikin ya yi jini. Wanda Septrin ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko ƙuraje ko baki ya saɓule, ya riƙe sunan nan har abada, kuma ya sani Fansidar ma danginsu ɗaya. In kana shan jiƙo ko wani na gargajiya faɗi, ba wanda zai kama ka. Ku kuma masu fura da nono, tetracycline da ciprofloxacin ba sa shiri da nono, yana riƙe su ya hana su shiga jini, sai a ba da tazarar awa biyu ko fi.

Bari in faɗi ra'ayina kan haɗi, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Ka je kemis ka ce a haɗa min na ɗari biyar, a zubo maka fari da ja da kore a leda ɗaya ba suna ba kwali, wannan ba magani ba ne caca ce. In ya ɓata maka jiki ko likitan babban asibitin Shika ba zai san me ka sha ba. Sau da yawa ma farasitamol ne yake maimaituwa, Panadol farasitamol ne, magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, babba kuma bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu 500 a awa 24 ba, in ya yi yawa hanta yake ci a ɓoye. Ku kuma sani kemis daban famasi daban. Famasi akwai masanin magunguna da ya yi digiri a kai, irin waɗanda jami'ar ABU ke yayewa a Samaru. Mai kemis lasisinsa na ƙananan magunguna ne da ba sa buƙatar takardar likita, ba na yin allura ko ƙarin ruwa ba. Duka biyun hukumar kula da harkar famasi ta ƙasa, wato PCN, ce ke ba su izini, kuma akwai masu kemis na kirki da za su ce maka wannan ya fi ƙarfina tafi asibiti, irin su ake riƙewa. In an ce babu wanda aka rubuta amma ga irinsa, ka sa a nuna maka a jikin kwali cewa ainihin sunan maganin da lambar ƙarfinsa ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta.

A jikin kwalin nemi EXP, wata da shekarar da zai lalace kenan, 03/2027 na nufin watan Maris na 2027. Kar ka ruɗe da MFG, ita ranar da aka yi shi ce. Nemi lambar NAFDAC. Wasu magungunan maleriya suna da wurin kankarewa kamar katin waya, ka tura lambar ta tes a ba ka amsa ko na gaskiya ne. Sai BN, lambar rukunin da aka sarrafa tare. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirof na haƙoran yara mai suna My Pikin da guba ta shiga cikinsa ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, har da jiharmu ta Kaduna. In irin haka ta faru da suna da wannan lambar ake sanarwa a rediyo, wanda ya yar da kwali ya juye magani a wata kwalba ba shi da abin dubawa. Ajiya kuma ban da kan taga da aljihun mota, zafin bazarar Zariya yana wuce digiri 30 ɗin da aka rubuta a yawancin kwalaye, sannan a sa inda hannun yara ba ya kaiwa.

Yanzu ku tashi bibbiyu ku gwada wannan, ɗaya mai taga ɗaya mai karɓa, sannan ku yi musanya:

"Sannu da aiki Malam. Don Allah wannan farin na mene ne?"
"Na hawan jini ne Baba, ɗaya kullum da safe."
"Toh wancan watan mai lamba 5 aka ba ni, yau na ga 10, likita ne ya ƙara ko?"
"Kawo katin in gani, Baba. Ɗan jira in tambayo."
"Ba komai ɗana, ina nan. In ka dawo zan maimaita maka yadda zan sha, ka ji ko na riƙe daidai."

Maimaitawar nan da bakinka kar ka bar ta ko da na bayanka na tsaki, minti ɗaya ce. In kuma ka je gida ka sha sai fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fata ta fara tashi kamar ƙuna, ko yaro ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa, a dakata da maganin a nufi asibiti mafi kusa a lokacin, Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ne ko wani, a tafi da ledar da kwalin da takardar gaba ɗaya.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalin magani ɗaya da babu komai a ciki. A littafinka ka kwafi sunansa, da lambar ƙarfinsa, da abin da ke gaban EXP. Sannan ka amsa wannan, an rubuta wa Inna ƙwaya 2, BD, 3/7, ƙwaya nawa ya kamata ta gani a leda, kuma da ƙarfe nawa da nawa za ta sha?